Tambayoyin da ake yi wa mai jego a asibiti: ina ake kai amsoshinmu?

Angon_Ƙarni_Aboabo
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga duk wanda ya san aikin asibiti ko na gwamnati. Me ya sa a nan Ghana in mace ta haihu ake tsare ta da tambayoyin da ba ruwansu da lafiyarta? Nauyin jariri, ƙarfe nawa aka haife shi, namiji ne ko mace, duk wannan na gane. To shekarun uba fa, da sana'arsa, da inda ya tsaya a karatu, da addininsa, da ƙasarsa, har da wai ina ne asalin garinku? Iyalina ta sauka makon jiya, an samu mace, suna lafiya alhamdu lillahi. Amma tun ranar abin nan yake cina. Ni gani nake ƙirga mu ake yi, kuma ba wanda ya tsaya ya ce mana ga dalili. Ina ake kai takardun nan? Wa yake karanta su?

Mma_Alabar
Barka da arziki ɗana. Allah Ya raya ta, Ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Tambayarka kuwa, bari masu boko su zo.

Ɗan_Sawaba
Barka angon ƙarni. Ni ma haka aka yi mini bara. Ban ma tsaya tunani ba, hankalina yana kan a sallame mu mu tafi gida.

Ungozoma_Asawase
Wa alaikumus salam. Barka yayana. Aikina ke nan, bari in warware maka, don abu biyu ne ka haɗa wuri ɗaya.

Na farko namu ne na asibiti. Akwai babban littafi a ɗakin haihuwa, duk wadda ta sauka sai an shigar da ita: shekarunta, ciki na nawa ne, wata nawa cikin ya yi, da kanta ta haihu ko aiki aka yi mata, yawan jinin da ta zubar, nauyin jariri, ya yi kuka nan take ko sai da aka taimaka masa. Wasu daga ciki mukan kwafe su a littafin awo da aka ba ta tun tana da ciki, wanda za ta ci gaba da zuwa da shi awon yaro. In wata ya ƙare sai a haɗa jimilla a shigar a kwamfuta, cikin tsarin Ghana Health Service da ake kira DHIMS. Abin da ke tafiya gunduma, ya wuce ofishin yanki, ya kai Accra, lissafi ne: haihuwa kaza, tagwaye kaza, waɗanda ba su kai kilo 2.5 ba kaza. Da irin wannan lissafi ake sanin allurar BCG ta rigakafin tarin fuka nawa za a aiko, da ɗigon shan inna, da alluran sati 6 da 10 da 14. In lissafin ya gaza gaskiya, allura ce za ta yanke a tsakiyar wata, uwa ta zo da goyo cikin rana a ce ta dawo wani sati.

Na biyu ba namu ba ne, na ofishin rajistar haihuwa da mutuwa ne. Su ne masu tambayar sana'ar uba da addininsa da ƙasarsa, saboda suna cikin abin da ake rubutawa a takardar haihuwa. Asibitoci da yawa akwai ma'aikacinsu a ciki, shi ya sa mutane ke ɗauka duk mu ne. Doka ce ta ɗora musu, Act 1027 ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1965. Kuma don Allah a sani, kafin yaro ya cika wata 12 rajistar kyauta ce.

Baba_Yalwa
Allah Ya yi miki albarka 'yata, kin yi bayani. Amma ku bar yaron nan ya yi tambayarsa, yana da hujja. Ku ba ku ga 1969 ba. Ina saurayi gwamnatin Firayim Minista Busia ta fitar da doka a watan Nuwamba, aka ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu ya bar ƙasa. Na ga mutanen da a nan Kumasi aka haife su, a nan aka binne iyayensu, suna sayar da gida da kwanukan matansu a wulaƙance, suna hawa manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa takawa ba. Layinmu rabinsa ya watse. Tun daga lokacin, in mai riƙe da biro ya ce wa mutumin Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, ina ne garinku, sai gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɗan_Sawaba
Baba, Allah Ya ƙara muku lafiya. Amma in na fahimce ku, ai rashin takarda ne ya ci mutanen nan. Da a ce an rubuta haihuwarsu tun suna jarirai, da sun samu abin nunawa. To gudun rubutun ai shi ne haɗarin, ba rubutun ba.

Baba_Yalwa
Akwai gaskiya a maganarka yaro. Sai dai akwai waɗanda suka tafi ba don an zo ƙofarsu ba, tsoro ne ya kore su. Ranar da gari ya hargitse ba kowa ke tsayawa karanta takarda ba. Ban ce kada a yi rajista ba, jikokina duk suna da ita. Cewa na yi a gane inda fargabar ta fito.

Ɗalibar_Shari'a
Barka da arziki. Ina so in gyara wani abu a maganar Ɗan_Sawaba, don mutane da yawa suna ɗauka haka. Haihuwa a Ghana kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Sashe na 6 na tsarin mulkin 1992 ya ce yaro ɗan ƙasa ne in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, ko a ina aka haife shi. Kuma a 2020, a shari'ar rajistar masu zaɓe, Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba katin shaida ba ce. Don haka kada wani ya ɗauka da ya karɓe ta ya gama.

Duk da haka ita ce tushe. Ita ke nuna ranar haihuwa, da wurin, da sunan uwa da uba, da ƙasar da aka rubuta musu. Wurin nan da ake rubuta ƙasar iyaye shi ne nake roƙon mutanenmu su buɗe ido a kai. In kai ɗan Ghana ne, ka tabbata abin da aka rubuta ke nan kafin ka bar teburin. Kada wani ya ji sunanka Garba ko Ɗanjuma ya rubuta maka wata ƙasa da ka. Ka tafi da Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da na matarka, ka ce a karanta maka abin da aka cike. Haƙƙinka ne.

Mma_Alabar
Tunda an buɗe maganar bari in faɗi nawa. Mu a zamaninmu abin da ya fi mana wuya ba maganar ƙasa ba ce. Yarinya ƙarama sa'ar ƙanwarka ta dube ka ta ce faɗi sunan mijinki. A gaban mutane! Mu da aka tarbiyyantar ba ma kama sunan miji. Sai a yi ta sunkuyar da kai har wadda ta rako ki ta faɗa. Haka in an ce 'ya'yanki nawa. Ɗan fari ba a sa shi a lissafi, kunya ce, wata ma kakarsa ce ke riƙonsa tun yaye. Waɗanda suka koma kuma ba a tono su. Sannan iyayenmu sun hana ƙirga 'ya'ya a bainar jama'a saboda baki. Mace mai haihuwa takwas sai ta ce biyar, kuma a ranta ba ƙarya ta yi ba.

Ungozoma_Asawase
Mma, wallahi kin taɓo inda yake mana ciwo. Har yau muna gani, musamman ga waɗanda suka taso a hannun kakanni. Ina girmama kunyar nan, ni ma a cikinta na tashi. Amma ku ji abin da take jawowa. Matar da ta haihu sau biyar ko fiye, mahaifarta ta fi saurin sakewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle. In na san haka tun farko zan shirya, in sa mata ido, in tabbatar an san rukunin jininta. In ta ce mini uku alhali bakwai ne, ta rufe mini ido. Ɓarin da aka yi, da wanda aka haifa ba rai, da wanda ya rasu a satin farko, duk suna gaya mana abin da za mu tsare a wannan cikin. Ba tonon asiri ba ne.

Abin da nake yi yanzu, in na ga dattijuwa ce ta rako ta, sai in nemi ta ɗan ba mu wuri, in yi wa mai cikin magana da Hausa a hankali. Nan take lissafin ke canzawa. Abokan aikina da ba su san al'adarmu ba sukan ɗauka taurin kai ne, sai in yi musu bayani.

Hajiya_Mai_Atamfa
Shi ya sa muke son 'ya'yanmu mata su shiga aikin nan da yawa. Allah Ya ƙara mana irinki.

Malamin_Firamare_Tafo
Ni ta ɓangaren makaranta zan zo. Abin da ake rubutawa a satin farko na rayuwar yaro, mu ne muke shan wahalarsa bayan shekara goma sha huɗu, lokacin rajistar BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Yaro ɗaya, a littafin awo Mohammed, a takardar haihuwa Mahama, a katin inshorar lafiya Muhammed. Abubakar ya zama Bukari, Ibrahim ya zama Braimah, A'isha ta zama Ayishetu. Mai rubutu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, uba kuma ba ya dubawa. Ranar haihuwa ma haka. Wanda ba a yi masa rajista da wuri ba, in an tambayi uwa sai ta ce da azumi ne, shekarar da aka yi ruwa mai yawa. Sai a ƙirƙiro rana. In ya girma zai nemi fasfo na aikin Hajji ko na karatu, sai a fara yawon rantsuwa a kotu ana biyan kuɗi don gyara harafi ɗaya.

Shawarata, ranar suna a sa wani mai karatu ya rubuta sunan a takarda yadda ake so, a riƙe wannan rubutun, ko'ina aka je shi za a miƙa.

Ɗan_Akwatia_Line
Malam ka tuna mini. To ya ake yi da maganar suna? Mu sai rana ta bakwai ake raɗa wa yaro suna, asibiti kuwa kwana ɗaya ko biyu sun sallame ka. Wani abokina ya ce tilasta masa aka yi ya ba da suna tun kafin a yanka rago.

Ungozoma_Asawase
A littafinmu ba ma bukatar sunan jariri, da sunan uwarsa muke shigar da shi. Takardar haihuwa ce ke bukatar suna, ita kuma kana da lokaci, ka yi sunanka ka dawo. Ba mu kaɗai ba ne ma, ƙabilun Asante da Ga su ma sai bayan mako suke fitar da yaro su sa masa suna, don haka ba baƙon abu ba ne ga ma'aikata. Matsalar ita ce dawowar. An ci suna, an watse, uba ya koma kasuwa, shi ke nan sai ranar da makaranta ta tambaya. Iyaye mata ku riƙa tambaya a wurin awo, sau da yawa a nan ma ake yi.

Ɗalibar_Shari'a
Kuma ba wanda zai zaɓa maka suna. A farkon 2018 ofishin rajistar ya so hana sa irin su Nana da Nii a takarda, wai laƙabi ne. Jama'a suka yi ca, har majalisa ta sa baki, aka janye.

Uwar_Mai_Sikila
Ina karanta ku tun ɗazu, na ce sai na yi magana ko da mutum ɗaya ne zai amfana. Angon ƙarni, ka koma ka tambaya ko an ɗebi jinin diddigen yarinyarka don gwajin sikila. In ba a yi ba ka nema.

A nan Kumasi aka fara wannan gwaji ga jarirai, a 1995, a asibitin Komfo Anokye, ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Daga irin wannan ƙirgen aka san cewa kusan jariri 1 cikin 50 a ƙasar nan da sikila ake haifarsa. Kafin nan yara suna ta komawa ana cewa zazzaɓi ne, ko mayu, ko iska.

Ɗana na biyu an gano nasa yana jariri. Lambar waya da kwatancen gida da na bayar, waɗanda a lokacin nake ganin yawan tambaya ne, da su aka neme ni. Aka fara ba shi maganin kariya tun bai fara ciwo ba, aka koya mini yadda zan taɓa cikinsa in gane in saifa ta kumbura, aka ce zazzaɓi ko kaɗan kada in kwana da shi a gida. Yau yana makaranta. Da na ba da lambar ƙarya kamar yadda wasu ke yi, da ban san inda muke ba yanzu. Mu da muke auren zumunci, mun fi kowa bukatar wannan.

Mma_Alabar
Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa, Ya saka miki da haƙurinki.

Sarkin_Shakka
Duk na ji. Amma ni har yanzu ina tare da mai tambaya. Shekara nawa ana rubuta mu? An yi ƙidaya a 2021, aka ce mun kai miliyan 30.8, an shiga gida gida har Zango. An san yawan yaran da ake haifa a Aboabo da Asawase da Sawaba. To ina ƙarin ajujuwa? Ina magudanar ruwa? In damina ta zo kowa ya san abin da muke gani. In lissafin yana aiki, a nuna mini a unguwarmu.

Na biyu, bayan haihuwar ɗana da 'yan kwanaki wasu suka fara kirana suna tallar inshorar yara. Wa ya ba su lambata, har suka san an yi mini haihuwa?

Ɗalibar_Shari'a
Na biyun nan in daga takardun haihuwar aka ɗauka, laifi ne. Akwai dokar kare bayanan mutane, Act 843 ta 2012, kuma akwai hukumar da ake kai wa ƙara. In sun sake kira ka tambaye su inda suka samu lambar, ka rubuta sunan kamfanin da ranar.

Malamin_Firamare_Tafo
Sarkin_Shakka, lissafi ba ya gina aji da kansa, sai an ɗauke shi an je an buga tebur da shi. Amma in babu shi me za ka buga? In ɗan majalisar unguwa ya je taron gunduma ya ce yaranmu sun yi yawa, za a ce nawa ne. Wanda ya zo da adadi shi ake saurare. Laifinmu shi ne ba ma neman alƙaluman, ba wai ba da su ba.

Sarkin_Shakka
Malam, mun buga teburin har hannu ya gaji. Amma na ji.

Mai_Hidimar_Jana'iza
Salamu alaikum. Ba a taɓo ɓangarena ba, kuma yana cikin maganar. Ni nake yawan raka gawa maƙabartar Tafo. Jariran da muke kaiwa, waɗanda ba su kai ranar suna ba, Allah kaɗai Ya san yawansu. Wanda ya rasu a asibiti yana cikin littafinsu. Amma wanda aka sallama ya je gida ya kwana uku jikinsa ya yi rawaya ko cibiya ta ruɓe, ya koma cikin dare, da safe an sallace shi an rufe, wa ya rubuta shi? A littafin asibiti yana nan a matsayin lafiyayye. Addini ya ce a gaggauta binnewa, kuma muna yi. Bai hana a koma daga baya a sanar ba. Iyaye suna cewa me za a rubuta, yaron da ko suna bai samu ba. Ni kuwa ina ganin in ba a san nawa ke tafiya ba, ba za a tambayi abin da ke ɗauke su ba.

Ungozoma_Asawase
Malam, Allah Ya biya ka. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 17 ba sa cika wata ɗaya. Kuma gida gida aka bi ana tambayar iyaye mata kafin a samu wannan adadi, saboda littafin asibiti kaɗai ba ya kama irin waɗanda ka faɗa. Rawayar ido da jiki a kwanakin farko ba abin jira ba ne, ba a maganinta da shanya yaro a rana. A dawo da shi a ranar. Cibiya kuma a bar sa mata toka ko man goge baki, akwai maganin da ake bayarwa.

Hajiya_Mai_Atamfa
Ku tuna da 'yan kayaye, masu dakon kaya a kasuwar Kejetia. Yara ne ƙanana daga arewa, wasu a ɗakin haya suke haihuwa su goma a ciki, ba awo ba kati. Haihuwa kyauta ce a inshorar lafiya tun 2008 amma da yawansu ba su sani ba, ko suna tsoron a yi musu tsawa. Wata da ke ɗaukar mini kaya sai da na kama hannunta muka je. 'Ya'yansu ba sa cikin lissafin kowa.

Angon_Ƙarni_Aboabo
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai kai haka ba. Maganar gwajin sikila gobe in sha Allahu zan bi ta. Na gane na allura, na gane na takardar haihuwa. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini ta asalin gari. Ni a Aboabo aka haife ni, babana ma haka. Da na ce Kumasi sai aka ce a'a, ainihin garinku. Me ake so in ce?

Ɗan_Sawaba
Ka ce Kumasi ka tsaya a kai. Ba ka da wani garin.

Baba_Yalwa
Haka ne, amma kada ku koya wa yara jin kunyar asalinsu. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su daga Kano da Katsina, suka zauna garin Salaga a arewacin ƙasar nan, da yaƙin 1892 ya tarwatsa kasuwar wasu suka gangaro kudu. Tun ba a san za a yi wata ƙasa mai suna Ghana ba muna nan. A takarda ka rubuta Kumasi, gaskiya ce. A gida ka gaya wa yarinyar duka.

Ɗalibar_Shari'a
Tambayar asalin gari al'adar ƙasar ce, kowa ana yi masa, don yawancin mutane suna da ƙauyen da ake mai da su in sun rasu. Mu ne ba mu shiga wannan tsarin ba. Abin da doka ta rataya zama ɗan ƙasa a kai shi ne iyaye da kakanni, ba sunan ƙauye ba. Kuma tun 2024 aka ƙaddamar da ba jarirai lambar Ghana Card daga haihuwa, wadda za ta bi yaro har girmansa, don haka abin da aka shigar a ranar farko ya ƙara nauyi.

Sarkin_Shakka
To kun ji. Lamba tun daga zanin goyo. Wannan ai shi ne ƙirgen da mai tambaya yake faɗa.

Uwar_Mai_Sikila
Ƙirge ne mana, ba wanda ya musa. Ni dai na fi son a san da ɗana.

Amaryar_Moshie_Zango
Don Allah Anti ungozoma, nawa ɗan watansa goma sha ɗaya, a gida na haife shi, amma ina kai shi awo. Babansa yana tafiya. Zan iya yi masa takardar ni kaɗai?

Ungozoma_Asawase
Za ki iya ƙanwata, uwa tana da ikon yi. Ki ɗauki littafin awonsa da Ghana Card ɗinki, ki sa babansa ya turo miki hoton nasa katin ta waya don a rubuta sunansa daidai. Ki je cikin satin nan, kada ki bari watan ya cika.